Ta ƙi fida, ga hutun haihuwa ya ƙare

A wannan fitowa wasiƙu huɗu ne suka zo da kuka kusan iri ɗaya. Na zauna sosai a kan ta farko domin ita ta tattaro yawancin matsalar, sauran ukun kuma na amsa su gwargwadon abin da suka ƙara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni malamar makaranta ce, haihuwata ta fari ke nan. 'Yata ta shiga wata na huɗu, kuma saura kwana 12 in koma aiki. Tun da aka haife ta nono zalla take sha. Tana da mako uku na taɓa tatsa na ba ta a fida, ta shanye tas, sai na wanke fidar na ajiye da tunanin ai ta iya. Makon jiya na ɗauko. Wallahi Anti kamar garwashi na sa mata a baki. Ta tura da harshe, ta banƙare, ta yi ta tsala ihu har ta shiɗe. Yanzu fida huɗu na saya, kowace da irin kanta, duk ta ƙi. Ko hango fidar ta yi sai ta fara kuka. Uwar mijina ce za ta riƙe ta in na fita, ta ce in bar ta da yunwa tun safe, in ta ji uwar bari da kanta za ta karɓa. Maigida kuma ya ce in abin ya gagara a mayar da ita kan madarar gwangwani kowa ya huta. Zan riƙa fita ƙarfe 7 in dawo 2 da rabi. Barci ma ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya mana ita. Kafin komai, ki mayar da uku daga cikin fidodin nan kwalinsu, kuma kada ki sayi ta biyar.

Abin da ya sauya tsakanin mako uku da wata huɗu ba sakacinki ba ne. Jariri sabon haihuwa, duk abin da ya taɓa masa ganɗa tsotsa zai yi, ko yatsa, ko kan fida, ko gefen zane. Jikinsa ne ke yi da kansa, kamar yadda ido ke ƙiftawa in an hura masa iska. Tsakanin wata biyu zuwa huɗu wannan tsotson dole yake janyewa, abin ya koma hannun yaro: in ya ga dama ya tsotsa, in bai ga dama ba ya datse baki. A daidai wannan gaɓa ce kuma hutun haihuwar mata da yawa ke ƙarewa, shi ya sa wannan kuka ya yi yawa. Ko da a ce kin ci gaba da ba ta fida jefi-jefi tun wancan lokaci, ba tabbas ba ne. Na ga yaran da ke karɓa kullum, suka wayi gari a wata na uku suka ce sun daina.

Ki kuma duba abin daga ɓangarenta. A nono sai ta wage baki ta kama har da baƙin da ke kewaye da kan, kan nonon ya miƙe ya shige can ciki, harshenta na aiki a ƙasa, ita ke jan ruwan kuma ita ke tsayar da shi in za ta yi numfashi. Ga ɗumin jikinki, ga ƙamshinki. Sai rana ɗaya aka zira mata roba mai sanyi, wadda ke ɗigar da ruwa a maƙogwaronta ko ta nema ko ba ta nema ba. Turawar nan da take yi da harshe, kare kanta take yi daga ƙwarewa. Ni yarinyar da ta yi haka ba na kiranta mai taurin kai.

Bari in ba ki labarin da har yau nake jin kunyarsa. Lokacin da na haifi ɗana na biyu ina aiki a ɗakin haihuwa, ni ce mai tara mata ina koya musu shayarwa. Na koma aiki yana wata uku da 'yan kwanaki, ƙanwata ce ke riƙe shi. Kwana uku a jere ina dawowa in tarar da nonon da na tatsa yana nan yadda na bar shi, yaro muryarsa ta dishe, ita kuma ƙanwar tawa idonta ya yi ja. A wurin aiki gaban rigata jiƙewa yake yi duk sanda jaririn wata ya yi kuka. Rana ta huɗu na shigo gida na ji shiru. Gabana ya faɗi. Na leƙa, ga shi yana barci hannu a sake, ga fida a gefe babu komai a ciki, amma kanta a bushe ƙarƙaf. Na ce mata, "Ke, ina nonon? Zubarwa kika yi?" Ta ce, "Yaya, ai da murfin yake sha." Ashe garin buɗe fidar ne nono ya ɗan zuba a cikin murfin nan mai kama da ƙaramin kofi, ta ga asara ce a zubar, ta kai masa baki, sai ya hau lasa kamar ɗan kyanwa. Na zauna a bakin gado na rasa abin cewa. Kullum da hannuna nake ba bakwaini nono a ɗan kofi a wurin aiki, amma da abin ya zo kan ɗana, fida ta rufe mini ido. Wannan yaro har ya yi wayo bai taɓa karɓar fida ba.

Saboda haka ki sauya tambayar da kike yi wa kanki. Abin da ake nema shi ne nononki ya shiga cikinta a awa bakwai da rabin da ba kya nan. Fida hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya kofi take ba da shawarar a yi amfani da shi ga jaririn da ba zai samu kama nono ba, har da waɗanda aka haifa kafin lokaci, kuma kofi ya fi fida sauƙin wankewa nesa ba kusa ba, don ba shi da lungun da madara za ta maƙale ta yi tsami.

Amma akwai yadda ake yi, kuma a nan nake so ki nutsu, domin in an yi shi da garaje yaro ƙwarewa yake yi. A samu ɗan ƙaramin kofi mai santsin baki, irin wanda ke zuwa da maganin ruwa na yara ya isa, ko murfin fidar kanta. A zuba nono zuwa rabi ko ɗan fi. A zaunar da ita a cinya, a tallafe bayanta da wuyanta da hannu ɗaya ta zama kusan a zaune, ba a kwance ba. A naɗe hannuwanta da zane don kada ta doke kofin, a sa wani ƙyalle a ƙarƙashin haɓarta. Sai a ɗora bakin kofin a kan leɓenta na ƙasa, gefensa na taɓa kusurwoyin bakinta, a karkata shi har nonon ya zo daidai baki ya taɓa leɓenta. A nan ake tsayawa. Ba a tsiyaya mata. Za ki ga ta ɗan yamutsa fuska, ta fito da harshe ta taɓa, ta ja baya, ta sake dawowa. Daga nan sai lasa, daga baya kurɓa. In ta dakata a bar kofin a wurin, nonon na taɓa leɓe, ita za ta ci gaba in ta huta. In ta rufe baki ta kawar da kai, ta ƙoshi ke nan. Ranar farko abin da zai zube a ƙyalle zai iya fin abin da ya shiga ciki, don haka ki fara da kaɗan, kamar cokali biyu ko uku, kada zuciyarki ta karye kina kallon wahalarki na bin zane. Kuma ba a ba yaro kofi yana barci ko yana gyangyaɗi.

Yanzu lissafi, domin na san a ranki kina ganin sai ta shanye fida cike sau uku. Jaririn da ke shan nono zalla, daga wata ɗaya zuwa shida, yakan sha wajen mililita 750 a kwana guda, wani ƙasa da haka wani sama. In kin raba, kusan mililita 30 ke nan a kowace awa. Awa bakwai da rabi ta kama kamar mililita 200 zuwa 230. Ki ba ta nono ta ƙoshi kafin ki sa ƙafa waje, ki sake ba ta da zarar kin shigo kafin ki cire ko mayafi. Abin da ya rage a tsakani sha biyu ne ko uku, kowane mililita 60 zuwa 90. Ko rabin wannan ta karɓa a makon farko, ba ta shiga haɗari ba, matuƙar tana ramawa in kin dawo.

In har kina son a ci gaba da gwada fida tare da kofin, babu laifi, wasu yaran daga baya suna saukowa. Amma tunda ta kai ga ko hango ta ta yi sai kuka, ki ɓoye ta kwana uku cur, ta manta da faɗan. Bayan nan ki ɗauki guda ɗaya mai ƙaramar ƙofa, wadda in kin kifa ta ɗigo take yi ɗaya-ɗaya, ki tsaya a kanta. Kuma ba ke za ki ba ta ba. Yarinyar da ke jin ƙamshin nono a ƙirjin da ta jingina da shi, me zai kai ta ga roba? Ki miƙa wa kakarta, ki fita daga gidan gaba ɗaya, ba ki laɓe bayan ƙofa kina leƙe ba, don muryarki kaɗai ta isa ta ɓata shirin. A gwada lokacin da ta tashi daga barci tana cikin walwala, ko kamar awa ɗaya bayan ta sha nono, sa'ad da cikinta bai cika ba kuma yunwa ba ta kama ta ba. A ɗumama nonon ta hanyar tsoma fidar cikin ruwan ɗumi, a jiƙa kan robar da nonon, a shafa mata a leɓen sama a jira ta buɗe baki da kanta. In wasa ta ga damar yi da shi tana tauna, a ƙyale ta, koyo ne. A riƙe fidar a kwance-kwance yadda nono zai cika kan kawai, ba a kifa ta tsaye ba. Wasu yaran ba sa karɓa in an rungume su irin riƙon shayarwa, sai an juya bayansu ga ƙirjin mai riƙon suna kallon waje, ana ɗan zagayawa da su ana jijjigawa. Minti biyar zuwa goma ya isa. Da ta fara ɓata rai a ajiye, sai gobe.

Maganar a bar ta da yunwa kuwa, ban goyi baya ba. Na san akwai gidajen da aka yi haka yaro ya karɓa, ba zan ƙaryata su ba. Sai dai yaron da yunwa ta gigita ba ya koyon sabon abu, ihu yake yi har ya gaji ya yi barci, ya tashi ya ƙara tsanar fidar. Kuma jaririn wata huɗu ba shi da ajiyar ruwa a jiki irin ta babba. Amma ki yi hattara da yadda za ki kai wannan magana ga uwar mijinki. Matar da za ta zauna da kukan jikarta awa bakwai ba abokiyar gardamarki ba ce, kuma ta raini wanda kike aure. Kada ki je mata da "an ce a mujalla". Ki kawo kofin ki ce, "Mama, ni hannuna rawa yake yi, ko za ki gwada mata da wannan, ke da kika saba?" Yawancin iyayenmu sun iya ba jariri abu a cokali ko ƙaramin mazubi fiye da mu. Abu ɗaya za ki roƙe ta da ladabi: kada a ɗura, a bari ta lasa da kanta. Kuma a fara tun gobe, kina gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin kwana 12 ɗin nan ki riƙa fita na awa ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, su saba da juna ba ke a tsakani.

Shi kuma maigida ki tambaye shi cikin raha: madarar gwangwanin, da me za a ba ta? Yarinyar ba abin da ke ciki ta ƙi ba, mazubin ta ƙi. In an sauya madara an ƙara mata baƙon abu na biyu ne a kan na farko. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ita ce nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu ko fiye. Saura miki wata biyu da 'yan kai ki kai shidan. Daga nan abin sauƙi yake yi, tunda za ta fara cin wani abu da rana. Kuma ko da ta ƙi sha sosai, kada a cike gurbin da ruwa. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, ruwan da aka ba ta daban cika mata ciki kawai zai yi ya hana ta shan abin da zai amfane ta.

Sai ki shirya wa dare. Yara da yawa in uwa ta koma aiki juya jadawalinsu suke yi: su ɗan taɓa kaɗan da rana don rage zafi, su yi ta barci, in uwa ta dawo su manne mata har asuba. Lafiyarsu ƙalau, uwar ce ke jigata. Ba ni da wani sirri a nan sai dai ki kwanta da wuri, ki sa makwancinta kusa da naki, ki rage wa kanki aikin yamma, shi ma maigida ga inda zai taimaka. Abu ɗaya: kada ki shayar a zaune kan kujerar falo cikin dare alhali barci na fizgarki, yin barci da jariri a kan kujera haɗari ne babba, gara ki shayar a kwance a kan katifa mai tauri, ba filo ba bargo kusa da fuskarta.

Yadda za ki san tana samun abin da ya ishe ta, ki ƙirga fitsari. A yini da kwana ta jiƙa famfas ko nafkin aƙalla shida, fitsarin fari-fari ba mai duhu ba, kuma nauyinta na hawa a katin awo. In fitsari ya ragu ƙwarai ko ya yi duhu, bakinta ya bushe, maɗigarta ta faɗa, tana kuka ba hawaye, ko ta yi laushi ba ta da kuzari, wannan ba na jira ba ne, asibiti za a kai ta a ranar. Haka kuma in nonon ma ta fara ƙi, ko tana kama shi tana saki da kuka, a duba bakinta da kunnenta. Farin da ke manne a harshe da cikin kumatu wanda ba ya gogewa, ciwon kunne, ko toshewar hanci, duk suna sa yaro ƙin tsotso.

Ke ma jikinki na da nasa haƙƙi. Nono gwargwadon yadda ake cire shi yake kawo wani, in kika bar shi a cike awa bakwai kullum zai kumbura ya yi miki ciwo, daga baya ya ja baya. Ki tatsa aƙalla sau ɗaya, in da hali sau biyu, a wurin aiki, minti 15 ya isa, da hannu ko da famfon tatsa. Ki je wurin shugabar makarantarku tun kafin ranar komawa ki nemi a duba miki jadawali da ɗan ɗakin da ke da ƙofa mai rufuwa, ba banɗaki ba. Ba alfarma ce ta fita hankali kike nema ba. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, ta kuma ce mai shayarwa na da haƙƙin hutu sau ɗaya ko fiye a rana, ko a rage mata awoyin aiki, kuma a biya ta wannan lokaci kamar tana bakin aiki. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, don haka ki duba abin da dokar ƙwadago da takardar ɗaukarki aiki suka ce. In wani gefen nonon ya yi tauri ya yi ja, ga zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura, ki ci gaba da shayarwa, in ya wuce kwana ɗaya bai sauka ba ki ga likita.

Ajiya kuma ga ƙa'idarta a taƙaice. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa 4 a ɗaki in zafin bai wuce digiri 25 ba, in ɗakin ya fi haka zafi kada a ja shi har can. A firij kwana 4, a can ciki ba a jikin ƙofa ba. A firiza wata 6 ya fi kyau. A cikin kula da ƙanƙara yana kai kwana guda, wannan ita ce hanyar kawo shi gida daga aiki. Wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza, wanda yaro ya sa wa baki ya rage kuma a yi amfani da shi cikin awa 2 ko a zubar. Shi ya sa nake cewa a riƙa ajiyewa kaɗan-kaɗan, mililita 60 a kowane mazubi. In kin ga ya rabu, mai a sama ruwa a ƙasa, bai lalace ba, a juya shi a hankali ya haɗe. Ki rubuto mini bayan mako biyu da komawarki, ina so in ji yadda kakar ta yi da kofin.

TAMBAYA: Anti, nawa ɗan yana karɓar fida in yanzu na tatsa. Amma wanda na tara a firiza tun ina hutu, kusan leda 30, da an narkar sai ya kawar da kai. Na shinshina na ji yana warin sabulu, wani ma kamar ƙarfe. Ya lalace ne? In zubar?

AMSA: Kada ki zubar tukuna, ƙanwata, leda 30 ba wasa ba ce. Nonon da ya lalace tsami yake yi mai tayar da zuciya, ba ya ɓoyuwa. Warin sabulun nan daban ne. Man da ke cikin nono ne ke farfashewa yayin ajiya, a nonon wasu matan abin na saurin faruwa fiye da na wasu, kuma ba ya cutar da yaro. Wasu yaran ko a jikinsu, wasu kuma irin naki masu tsantsani ne. Ki gwada gaurayawa: kashi ɗaya na tsohon, kashi uku na sabon tatsa, in ya karɓa ki riƙa ƙara tsohon a hankali. Wanda ya riga ya yi warin ba ya komawa, amma za ki iya tare na gaba. Da kin tatsa, ki ɗora a wuta a tukunya mai tsabta har ki ga ƙananan kumfa sun fara fitowa a gefe-gefe, kada ya tafasa, ki sauke ki tsoma mazubin a ruwan ƙanƙara ya huce da sauri, sannan ki sa a firiza. Zafin na rage wasu daga cikin abubuwan kariya da ke cikin nono, don haka wanda za a sha gobe ba ya buƙatar wannan, na doguwar ajiya kawai. Da ma kafin mace ta tara da yawa, ta daskarar da leda ɗaya ta narkar bayan mako ta ɗanɗana. Ni ma sai da na yi asara na koyi wannan.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni magidanci ne, matata na aikin dare sau biyu a mako, ni nake kwana da yaronmu ɗan wata biyar. Wani abokina ya ce in ƙara faɗin ƙofar kan fidar da allura mai zafi, in kuma shafa zuma a kai don ya ji zaƙi ya kama. Na ce bari in tambaya tukuna.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yi, kuma ina yaba maka wannan kwana da kake yi. Duka biyun kada ka yi. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba, gubarta na shanye jiki har ta kai ga numfashi. Dafa zumar ma ba ya kawar da ita. Faɗaɗa ƙofa kuwa ƙara masa abin da yake gudu ne, nono zai kwararo fiye da yadda zai iya haɗiyewa, ya ƙware. Haka nan kada ka tokare fidar da filo a bakinsa ka koma barci. Ka karanta yadda na bayyana ba da kofi a amsar farko, da hannun namiji ma yana yiwuwa. Ka nemi ɗankwali ko rigar da mahaifiyarsa ta kwana da ita ka ɗora a kafaɗarka lokacin ba shi, ƙamshin na kwantar wa wasu yaran da hankali, wasu kuma tuna musu yake yi su ƙara rikicewa. Dare ɗaya zai nuna maka wane iri ne naka.

TAMBAYA: Anti, tawa 'yar watanta bakwai, ta fara cin abinci, amma fida ko kusa. Wata mai zuwa zan fara aiki. In ci gaba da matsa mata?

AMSA: A'a 'yata, ki ƙyale fidar nan kwata-kwata. Mai wata bakwai ta isa shan kofi, kuma da ma likitocin yara da na haƙori so suke a raba yaro da fida in ya kai wajen shekara ɗaya, to me zai sa ki sha wahalar koya mata abin da nan da wata biyar za ki sha wahalar raba ta da shi? A ba ta nonon da kika tatsa a buɗaɗɗen kofi ƙarami, a dama mata wani a cikin abincinta, yanzu kuma an halatta mata 'yan kurɓin ruwa mai tsabta tare da abinci. Ki shayar da safe, da dawowarki, da dare. Ki sayi kofi biyu masu kama ɗaya, domin ɗayan a hannunta zai ƙare tana buga shi a ƙasa.